Shekarar da Muka Yi Aji Huɗu a Gonar Auduga

Bara da 'yan garinmu suka zo har gida suna neman in yi jawabi ranar da za a sa wa sabon ginin makaranta sunan tsohon hedimastanmu, na ba su ruwa suka sha, na raka su bakin ƙofa, na ce ba zan zo ba. Ke Hauwa 'yata kin ji kunyar abin, har kika ce mini mutumin da ya daɗe da rasuwa ai sai a bar shi ya huta. Kai kuma Aminu ka ce ka ji a bakin tsofaffin gari wai ni ne na gudu daga makaranta ina yaro, shi kuwa ya yi mini alfarma ya bari na zauna jarrabawa, don haka butulci ne in ƙi zuwa. Ban amsa muku ba a ranar domin raina a ɓace yake. Yanzu zan amsa a rubuce, don kada bayan raina ku ci gaba da jin labarin daga bakin waɗanda ba su taɓa riƙe fartanya a gonar nan ba. Ba zan rubuta sunansa ba, yana da jikokin da ba su yi mini komai ba. Allah ya jiƙansa. Amma abin da ya yi, ya yi shi.

Ƙauyenmu yana tsakanin Faskari da Daudawa, kun san shi, ko da yake yanzu ya zama gari. A lokacin Turawa suna nan, saura 'yan shekaru su tafi. Ba da son kakanku na shiga boko ba. Mai unguwa ne ya zo ya ce dagaci ya ce kowace unguwa ta ba da yara biyu, ya nuna ni. Ni kaɗai ne namiji a gidan, yayyena duk mata ne, kuma na fara isa taya Baba noma. Baba ya yi kwana uku ba ya magana da kowa. Amma a hankali ya sauko, musamman ranar da na karanta masa wasiƙar da wani ƙanensa ya aiko daga Zariya, bai sai ya kai ta wurin wani ya ji sirrin gidanmu ba. Daga ranar ya daina cewa an ƙwace masa ɗa.

Makarantar elementare ce, aji huɗu ne ƙarshenta. A ƙarshen shekarar akan zauna jarrabawar shiga Midil, makarantar gaba da ke birni. Wanda ya ci ya wuce, wanda ya faɗi ya koma gida, babu maimaici. Mu goma sha bakwai ne a ajin. Wanda ya fi mu duka shi ne Nomau, ɗan Maguzawan da ke zaune a hayin rafi. Tafiya mai nisa yake yi kullum, amma bai taɓa makara ba. In Malam ya rubuta lissafi a allo, kafin ya ajiye alli Nomau ya gama a ka. Ni ne na biyu, kuma tsakanina da shi akwai rata, ban taɓa musun wannan ba.

Ruwan farko yana sauka shekarar nan, hedimasta ya sauya mana tsari. Da safe a buga ƙararrawa, mu yi layi, a kira suna, kowa ya amsa, a sa masa alama a rajista. Sai a ce 'yan aji huɗu, da yake ku ne manya, ku ɗauki fartanya. Gonar audugarsa tana gabas da gari, ba ka iya hango ƙarshenta daga farkonta. Mu muka yi huɗa, mu muka yi shuka, mu muka yi noman farko da maimai. Sai rana ta take mu dawo aji, ba mai iya riƙe fensir don gajiya, a ce mu rera jadawalin sau na lissafi da muka iya tun aji biyu, a tashe mu. Ya kuma kafa doka, ya maimaita ta har muka haddace: duk wanda ya yi fashin kwana goma, ba za a sa sunansa cikin masu zama jarrabawa ba. Kun ga yadda ya ɗaure mu ke nan. In ka zo makaranta ba za ka koyi komai ba. In ka ƙi zuwa don ka nemi koyo wani wuri, an soke sunanka. A takarda kuwa, duk wanda ya zo daga birni ya buɗe rajista zai ga makaranta mai kyau, yara ba sa fashi.

Yara biyu ne cikinmu ba sa zuwa gonar: ɗan hedimasta da ɗan dagaci. An ce mana ɗaya yana da ciwon ƙirji, ɗayan kuma rana tana sa shi haɓo. Mun yarda. Sai wata rana ƙotar fartanyata ta karye, aka aike ni gidan hedimasta in karɓo wata. Na yi sallama na shiga zaure, na tarar da su biyun a kan tabarma, ga ƙaramin allo an jingina da bango, hedimasta yana tsaye da alli. A allon akwai wani irin lissafi da ban taɓa gani ba: lamba a sama, layi, lamba a ƙasa. Gefensa kuma ga wasu takardu da aka buga da inji, na hango an rubuta jarrabawar bara a kansu. Na tsaya ina kallo har na manta abin da ya kawo ni.

"Malam, wanga wane irin lissafi ne?"

"Irin wanda bai shafe ka ba. Ɗauki fartanya ka wuce."

"Malam, a jarrabawa za a yi shi?"

Ya ɗauki tsumagiya ya nuna mini ƙofa.

Na koma gona na zana wa Nomau abin da na gani a ƙasa da tsinke. Muka yi mako guda muna juya shi duk lokacin da aka ba mu hutun shan ruwa. Nomau ya gano cewa na ƙasa yana nuna gida nawa aka raba abu, na sama kuma nawa aka ɗauka. Shi kaɗai ya gano wannan, ba wanda ya faɗa masa. Amma yadda ake tara biyu waɗanda na ƙasansu ba ɗaya ba, a nan muka tsaya. Ba littafi, ba wanda za mu tambaya, ga mai gadin gonar yana yi mana tsawa mu tashi.

Da na faɗa a gida, Inna tana tankaɗe, ta ajiye rariya. Baba ya sa na maimaita masa tun daga farko. Ya kama hannuna ya juya tafin, ya ga kanta ta fito kamar ta babban mutum.

"Wata nawa kuna wannan?"

"Tun farkon damina, Baba."

"Ni ina can ni kaɗai ciyawa ta cinye mani dawa, ina cewa ɗana yana karatu. Ashe noma kake yi. To in noma ne, ni ba ni da gona?"

Washegari ya sa rigarsa ta Juma'a ya tafi makaranta, ni ina bayansa. Hedimasta bai ba shi wurin zama ba. Baba ya gaishe shi da ladabi, ya ce ya zo ne ya ji ko akwai kuskure. Hedimasta ya ce aikin gona yana cikin tsarin karatu, daga sama aka aiko da shi, wanda bai yi boko ba ba zai gane ba.

Baba ya ce, "Malam, gonar makaranta na san ta, ga ta can bayan aji, tabarma goma sun rufe ta. Waccan ta gabas taka ce."

Hedimasta ya rufe rajista ya dube shi daga sama har ƙasa.

"Malam Ali, in kana son ɗanka, ka tahi da shi. Kwana goma zan ƙirga."

Muka koma gida. Inna ce ta kawo maganar ƙanenta, Kawu Iliya, da ke Damari. Shi ya gama Midil, ya yi aikin malamin daji a wajen Sabuwa har itace ya faɗo masa a ƙafa, ya bar aiki ya koma ɗinki. Ta ce a kai ni wurinsa. Baba ya ce in an kai ni an soke sunana. Inna ta ce to sunan da ba ilimi a bayansa me zai yi mini a ɗakin jarrabawa? Suka yi ta ja har aka kira la'asar. Ban taɓa jin Inna ta ɗaga wa Baba murya ba sai ranar. Da ya dawo daga masallaci ya tsaya a tsakar gida ya ce:

"Ɗaura mashi kayanshi. Abin da zai biyo baya ni zai samu, ba shi ba."

Ban san nauyin maganar nan ba sai daga baya.

Kafin mu tafi na haye rafi na je gidan su Nomau, na roƙi mahaifinsa, Baba Jatau, ya bar shi mu tafi tare, Kawu ba zai ƙi ba. Tsohon yana gyaran rumbu, ya sauko ya saurare ni har na gama. Ya ce ya gode, amma su ba kamar mu ba ne, in dagaci ya yi fushi da mu zai tsaya a kan gida ɗaya, in ya yi fushi da su unguwar duka za ta ji a jikinta. Ya ce an ce yaro ya riƙa zuwa kullum, to zai riƙa zuwa kullum, ba wanda zai same su da laifi. Nomau ya raka ni har bakin ruwa.

"Ka tahi, Garba. In ka dawo ka koya mani."

Na ce to.

Wata biyu da 'yan kwanaki na yi a Damari. Kawu Iliya mutum ne mai faɗa, ƙafarsa tana damunsa, kuma ba ya maimaita magana sau uku. A gindin kekensa na ɗinki na yi karatun, a rumfar ƙofar gida, ina zaune a ƙasa cikin ƙyallaye. Ranar farko na zana masa lissafin nan da ya gagare mu. Ya ɗauki wani tsohon ƙyalle ya ninka huɗu ya yanka, ya ɗauki wani mai tsawonsa ya ninka uku ya yanka, ya ce in haɗa su in gaya masa nawa ne. Na ce ba su daidaita ba. Ya ce to sai ka ƙara yanka su har su daidaita. Kafin azahar na gane. Na zauna ina kallon ƙyallayen, maimakon murna sai wani baƙin ciki ya taso mini. Abin da aka ɓoye mana a zaure kamar wata dukiya, ga shi gurgun tela ya koya mini kafin ya gama hannun riga ɗaya. Bayan wannan muka shiga awo, muka shiga rubutun wasiƙa, muka shiga labarin ƙasa. In mai ɗinki ya zo, sai Kawu ya ce in lissafa yadin da rigarsa za ta ci, in na kuskure ya ranƙwashe ni a gaban mutumin.

Abin da ke faruwa a gida ba wanda ya gaya mini. Ranar da kwana goma suka cika, hedimasta ya kai ƙara wurin dagaci cewa Malam Ali ya sace ɗan gwamnati daga makaranta. Aka kira Baba. Aka ce ya faɗi inda nake, ya ce yana wurin da ake karatu. Aka cire masa hula, aka zaunar da shi a rana a ƙofar gidan dagaci yini biyu, mutane suna wucewa kasuwa suna kallonsa, mutumin da furfura ta fara fito masa. Da ya ƙi sauya magana, sai dagaci ya ce fadamar da muke noma rake da albasa ta gari ce, an karɓe. Kakana ne ya sare dajin wurin da hannunsa. Ba a taɓa mayar mana da ita ba. Inna ta ce da ya dawo gida ranar, ruwa kawai ya nema, ya ce kada wanda ya aika Damari da labari, kada yaro ya rikice.

Saboda haka ne Baba bai bari na koma gida kafin jarrabawa ba. Da na taka garin, da an kama ni. Baba ya zo Damari da jaki, muka zaga ta wata hanya muka nufi Kankara, inda ake tara yaran makarantun yankin. Kwana uku muka yi. Mun isa da safiyar ranar, ana jera tebura. Ga hedimasta da yara biyar da ya zaɓo cikin ajinmu: ɗansa, ɗan dagaci, Nomau da wasu biyu. Nomau ya rame, yatsunsa duk sun farfashe da tsinkar auduga. Yana ganina ya taso da gudu.

"Ka koyo?"

"Na koyo. Tsuguna."

Na fara zana masa a ƙasa, ina sauri, bakina yana harɗewa. Ban kai rabi ba aka buga ƙararrawa, hedimasta ya daka masa tsawa ya shiga layi.

Mai kula da jarrabawar wani malami ne daga birni, mai duba makarantu, dogo, da tabarau. Ya kira sunaye, nawa babu. Baba ya matsa gaba ya durƙusa ya miƙa masa wasiƙar da Kawu ya rubuta. Hedimasta ya yi caraf ya ce wannan yaro gudajje ne, rajista tana nan, wata biyu bai zo ba. Malamin ya karanta wasiƙar har ƙarshe. Baba ya ce:

"Ranka shi daɗe, ni ban iya karatu ba, ban san abin da ke cikin rajista ba. Amma ga yaran nan biyar. A ce su buɗe hannuwansu."

Malamin ya ce su buɗe. Uku kamar ɓawon itace, biyu kuwa sumul. Ya daɗe yana kallo. Ya dubi hedimasta, hedimasta ya dubi ƙasa. Na ɗauka ranar gaskiya ta zo. Sai malamin ya ninke wasiƙar ya sa a aljihu, ya ce a hankali:

"Malam, ƙara sunanshi a ƙasa. In ya faɗi, ya faɗi."

Shi ke nan abin da aka yi. Ya gani da idonsa, ya gane, bai rubuta ko layi ɗaya ya kai gaba ba. Hedimasta ya ɗauki alƙalami ya rubuta sunana, kuma wannan rubutun da aka tilasta masa shi ne alfarmar da Aminu ya ji ana faɗa. Tebur bai ishe mu ba, a ƙasa na zauna na ɗora takarda a kan wani akwati.

Da sakamako ya fito, mu uku muka ci daga makarantarmu: ɗan hedimasta, ɗan dagaci, da ni. Ba a taɓa jin makarantar ƙauye ta fitar da uku a shekara ɗaya ba. Aka aiko wa hedimasta da takardar yabo, aka karanta ta a gaban gari, shekara ta zagayo aka ba shi babbar makaranta. Da kaina na ji yana gaya wa mutane cewa ko wanda ya gudu ma, ɗan abin da ya samu a hannunsa kafin ya gudu ne ya fisshe shi. Wato wahalar Kawu, da ranar da Baba ya sha, da fadamarmu, duk sun taru sun zama ƙarin girma ga mutumin da ya jawo su. Nomau, wanda bai yi fashin yini ɗaya ba cikin shekara huɗu, ya koma hayin rafi. Ba wanda ya karanta sunansa a gaban kowa. Bayan shekara biyu suka tashi suka koma wajen Sabuwa neman ƙasar noma, muka rabu.

Sai da na yi kusan shekara talatin ina aikin koyarwa sannan na sake ganinsa. Aiki ya kai ni Sabuwa, ran kasuwa, na tsaya wurin masu doya. Wani mutum mai faɗin kafaɗa, gemunsa fari, ya kira ni da sunan da ba mai kirana da shi a lokacin.

"Garba!"

Muka rungume juna. Ya ja ni inuwar wata ɗorawa, ya sa aka kawo fura. Muka yi tambayar iyali, ya ce 'ya'yansa takwas, duk ya sa su makaranta, kuma yakan je da kansa ba sanarwa ya leƙa ta taga ya ga ko suna cikin aji. Muka yi dariya. Can sai ya tsinci kara a ƙasa.

"Akwai tambaya ta huɗu a takardar nan. Uku bisa huɗu, a tara da biyu bisa uku. Ka tuna ta?"

Na ce ban tuna ba.

"Ni na tuna. Na tara na sama na samu biyar, na tara na ƙasa na samu bakwai. Ina rubutawa na san ba daidai ba ne, don abin da na samu bai kai wanda na fara da shi ba. Yaya za ka ƙara abu ya ragu? Na zauna a kanta har aka karɓi takarda. Yarana sun iya, amma ina jin nauyin tambayarsu. Kai ka yi mani alkawari."

Na karɓi karan. Na ja layi biyu a ƙasa masu tsawo ɗaya, na raba kowanne gida goma sha biyu. Ban kai ga yin bayani ba ya ɗora yatsa yana ƙirgawa.

"Tara a nan. Takwas a nan. Sha bakwai. Ɗaya ke nan, da biyar bisa sha biyu."

"Haka ne."

"Shi ke nan?"

"Shi ke nan."

Ya daɗe yana kallon layukan. Mutane suna wucewa da kaya a ka, wani yana kiransa ya zo ga mai sayen doya, bai ɗaga kai ba.

"Kwana nawa Kawunka ya yi yana koya maka wannan?"

Na so in yi masa ƙarya, in ce wata guda. Ban iya ba.

"Daga hantsi zuwa azahar."

Ya gyaɗa kai. Ya sa tafin hannunsa ya share ƙasar a hankali har ta koma sumul, ya miƙe ya karkaɗe wandonsa, ya tafi wurin mai sayen doya.